Watsa Wasa Daga Kwamfuta Alhali Monita Na Kashe: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na wanda ke buga wasan da ke kan babbar kwamfutarsa daga wata na'ura daban ne, ko waya, ko talabijin, ko ƙaramar laftof, ta hanyar manhajojin watsawa irin su Steam Remote Play, Parsec, ko Moonlight da Sunshine (Sunshine a kan kwamfutar, Moonlight a kan na'urar da kake kallo). Komai na tafiya lami lafiya muddin monita na kunne. Da an kashe ta, sai hoto ya koma baƙi ƙirin, ko ya tsaya cak, ko ya ƙanƙance. Mafi yawan mutane kan intanet suke fara ɗora laifi, alhali a wannan matsala da wuya a samu hannun intanet a ciki.

Ina ruwan wasan da monita, tunda ba a kanta nake kallo ba?

Manhajar watsawa ba ta zana komai da kanta. Katin hoto ne ke zana wasan, Windows ta shimfiɗa shi a kan fuskar allo, sannan manhajar ta kwafi abin da aka shimfiɗa, ta matse shi ya zama bidiyo, ta tura maka. A Windows, hanyar kwafin da aka fi amfani da ita ita ce Desktop Duplication, wadda ta zo tare da Windows 8 a 2012, kuma ba ta aiki sai da allon da tsarin ya yarda yana nan. Kamar ɗalibi ne mai kwafar darasi daga allon aji: in aka ɗauke allon, ko da malami na ci gaba da bayani, babu abin da zai sa a littafinsa.

Shi ya sa sau da yawa za ka ji sautin wasan yana fitowa tangaran, fad ɗinka, wato abin sarrafa wasa na hannu, na aiki, kana jin ƙarar menu in ka danna, amma ido ba ya ganin komai. Wasan na gudana. Wurin kwafo hoton ne ya ɓace.

Ta yaya kwamfuta ke sanin an kashe monita?

Ta cikin kebul. Akwai siririyar waya guda da aikinta kawai shi ne sanar da katin hoto cewa an jona wani abu. A HDMI ita ce fil na 19. Akwai kuma ɗan bayani da kowace monita ke ɗauke da shi, EDID, wanda tushensa bayit 128 ne, galibi da ƙarin wasu 128. A cikinsa monita ke faɗin sunanta, girman hoton da take iya nunawa, sau nawa take sabunta hoto a daƙiƙa (wato Hz), da ko tana da lasifika ko HDR, tsarin hoto mai faɗin haske da launi. In siginar jonawa ta ɗauke, katin hoto ya ɗauka an zare kebul ke nan, Windows kuma ta share allon daga lissafinta.

Gwajin mai sauƙi ne. Ƙara sautin lasifika, ka danna maɓallin kashe monitar. In ka ji ɗan kiɗan nan da Windows ke yi idan an zare filash, to monitarka na cikin masu ɓacewa. Wata alamar kuma: in ka sake kunna ta ka tarar tagogin da ka buɗe sun takure a kusurwa guda, gumakan kan tebur sun hargitse, to a lokacin da take kashe Windows ta faɗa kan wani ƙaramin girma irin 1024x768.

Abokina yana kashe tasa ba matsala. Me ya sa tawa ce kawai?

Tambaye shi da wane kebul ya jona. Akwai yiwuwar HDMI ne, kai kuma DisplayPort.

HDMI na da waya mai bolt 5 da ke fitowa daga kwamfuta, a fil na 18, kuma monitoci da yawa da ita suke ciyar da guntun da ke riƙe da EDID. Saboda haka ko an kashe monitar, kwamfuta na ci gaba da ganinta. DisplayPort ba haka yake ba. Bayanan na bi ta wata hanya ce da ke bukatar ɓangaren monitar ya kasance a farke, don haka da yawansu suna sakin siginar jonawa da zarar an kashe su, wasu ma da zarar sun yi barci mai nauyi. Ba doka ce da ta hau kan kowace monita ba: akwai masu HDMI da ke ɓacewa, musamman talabijin, akwai kuma masu DisplayPort da ke zama daram. Amma in za ka yi canki, nan ne wurin farawa.

Kafin ka kashe ko sisi, shiga menu na jikin monitar. Wasu kamfanoni, kamar ASUS, suna da zaɓi mai suna DisplayPort Deep Sleep. A wasu kuma yana ɓoye a ƙarƙashin tanadin wuta. Kashe shi ka sake gwadawa. In babu, gwada HDMI, amma ka lura: monita mai 144Hz ko fiye ba lallai ta ba ka cikakken saurinta ta HDMI ba.

Akwai bambanci tsakanin in kashe ta da hannu da in bar Windows ta kashe ta?

Akwai, kuma mutane na gwama abubuwa uku da ba ɗaya ba. Na farko, Windows ta kashe allo bayan wasu mintuna na rashin aiki. Kwamfuta na farke, kuma manhajojin watsawa galibi suna tayar da allon idan ka shigo, wanda ke nufin monitar za ta haskaka a ɗakin da take. Na biyu, ka danna maɓalli ko ka kashe soket, wato abin da muka yi bayani a sama. Na uku, kwamfutar ce gaba ɗaya ta yi barci, kuma a nan ba baƙin hoto za ka gani ba, kwamfutar ma ba za ta bayyana a Moonlight ko Steam Link, manhajar Steam ta karɓar hoto, a matsayin mai amsawa ba. Ka tantance wanne ke damunka, domin maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan.

Mene ne filogin bogi, kuma da gaske yana aiki?

Ɗan ƙaramin abu ne da bai wuce gaɓar babban yatsa ba, kansa kan HDMI ko DisplayPort, ba kebul a bayansa. A ciki babu komai sai guntun da ke riƙe da EDID. Kana cusa shi a ramin katin hoto da ba kowa, kwamfuta ta ɗauka an jona monita ta biyu, wadda ba ta taɓa kashewa. Dabarar tsohuwa ce. A zamanin VGA, da resista uku masu om 75 ake haɗa ta da hannu.

Yana aiki, kuma a ganina shi ne mafitar da ta fi kwanciyar hankali ga wanda ba ya son yawan taɓe-taɓe. Ba ya bukatar direba, sabunta Windows ba ya lalata shi, kuma yana nan tun daga lokacin da kwamfuta ta tashi, kafin kowace manhaja ta buɗe.

Abu biyu ke kayar da mutane. Na farko, wurin cusawa: a jikin katin hoto ake sa shi, can ƙasa a bayan akwatin, ba a ramin HDMI na madabod da ke kusa da ramukan USB ba. In ka sa shi a sama, ko dai ba zai yi komai ba, ko ya jona ga ƙaramin katin da ke cikin furosesa. Na biyu, abin da aka rubuta a kwali. Da yawa ana tallarsu da 4K, amma in ka duba jerin da suke bayarwa sai ka ga 4K ɗin a 30Hz yake, iyakar HDMI 1.4 ke nan. Samun 4K a 60Hz na bukatar matakin HDMI 2.0, 4K a 120Hz kuma HDMI 2.1. Ka karanta jerin girma da Hz kafin saye, kada babban rubutun gaban kwali ya ruɗe ka.

Na sa filogin, amma wasan na tafiya da tsalle-tsalle kamar hoto 30 ne a daƙiƙa ba 60 ba.

Duba Hz na allon bogin a Settings, System, Display, Advanced display. Abin da ake kwafa ba zai fi saurin allon da ake kwafa daga gare shi ba. In allon na kan 30Hz, ko wasan na zana hoto 200 a daƙiƙa, kai 30 za ka samu. A 60Hz sabon hoto na zuwa kowane milidaƙiƙa 16.7, a 120Hz kowane 8.3, a 30Hz kuwa sai ka jira 33.3, kuma hannu na jin wannan bambanci tun kafin ido ya gane shi.

A Moonlight na kwamfuta, danna Ctrl, Alt, Shift da S tare. Bayanai za su fito a kusurwa. In adadin hotunan da ke shigowa ya tsaya a 30 daram alhali babu asara a hanya, matsalar na can gefen allo. Rage girman zuwa 1920x1080 ko 2560x1440, yawanci sai Hz mafi girma ya buɗe. Akwai kuma manhajar Custom Resolution Utility da ake ƙara girman da filogi bai zo da shi ba, sai dai ka yi a hankali da ita, kuma a kan allon bogin kawai.

Yanzu ina ganin hoto, amma bangon tebur ne kawai, wasan ba ya ciki.

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa bayan sa filogi. Yanzu allo biyu gare ka, wasan ya buɗe a ɗaya, manhaja na kwafar ɗayan. Wasanni kan buɗe a allon da Windows ta ɗauka babba. Maganin gaggawa: danna maɓallin Windows, Shift da kibiyar hagu ko dama, taga za ta tsallaka zuwa ɗaya allon. Ba kowane wasa mai cika allo ke yarda ba, amma da yawa suna yarda.

Maganin dindindin yana cikin wata ɗabi'ar Windows da ba kowa ya lura da ita ba: tana haddace tsari daban ga kowane haɗin alluna. Tsarin da ka yi lokacin da monita da filogi duk suna nan daban ne da na lokacin da filogi ne kaɗai. To yi amfani da hakan. Monita na kunne, ka zaɓi a nuna a kanta kaɗai, filogin ya zauna ba aiki. Sannan ka kashe monitar, ka shiga ta waya ko talabijin, ka saita girma da Hz na allon bogin yadda kake so. Daga nan duk lokacin da monita ta ɓace, Windows za ta koma kan filogi da kanta, in ta dawo ta koma kanta. Ka ga a nan ɓacewar DisplayPort da ake kuka da ita ta zama alheri.

In monitarka ba mai ɓacewa ba ce, ai tun farko ba ka bukatar filogi don baƙin hoto. In kuma ka sa shi ne don samun wani girma daban, sai ka nuna wa manhajar allon da za ta kwafa; a Sunshine ana yin haka a shafin saitinsa da ke buɗewa a burauza ta localhost:47990, ɓangaren sauti da bidiyo.

Me zai hana in zaɓi Duplicate kawai, alluna biyu su nuna abu ɗaya?

Yana yi, kuma shi ne mafi sauƙi: Windows da P, ka zaɓe shi. Amma alluna biyun dole su haɗu a girman da dukkansu ke iyawa, kuma mai rauni kan ja mai ƙarfi ƙasa. Wanda ya sayi monita mai 165Hz ya haɗa ta da filogi mai 60Hz na iya tarar wasansa a kan tebur ya daina santsi, ko G-Sync da FreeSync, masu daidaita saurin monita da na katin hoto, sun fara rikici. In monitarka 1080p ce mai 60Hz, ba abin da za ka rasa.

Ba na son sayen komai. Akwai hanyar manhaja?

Akwai. Tun Windows 10, Microsoft ta samar da tsarin direbobin allo marasa jiki, kuma a kansa aka gina irin su Virtual Display Driver. Suna ƙirƙirar allo da babu shi a zahiri, da girma da Hz ɗin da ka rubuta. Akwai kuma Apollo, reshen Sunshine da ke zuwa da nasa allon a ciki: kana shiga ya ƙirƙiri allo daidai girman na'urar da ke hannunka, kana fita ya janye shi.

Nan ne manhaja ta fi filogi. Waya doguwa ce, Steam Deck na da 1280x800, kwamfutar hannu na da nata fasalin, kuma filogi ba zai zo da dukkan waɗannan ba; sai ka ga baƙaƙen layuka a gefe. Allon manhaja kuwa na iya bin kowane fasali, kuma wasu na iya HDR a Windows 11. Rauninsa shi ne direba ne, wani lokaci sabunta tsarin ko direban katin hoto na iya tayar masa da hankali, kuma ba ya samuwa sai Windows ta gama tashi. Ka sauke shi daga shafin masu aikin kawai. Direba na shiga can cikin tsarin kwamfuta, ba abin da za a ɗauko daga ko'ina ba ne.

Na yi saiti, yanzu monitar gaskiyar ta ƙi nuna komai. Na shiga uku?

A'a. Windows ce ke nunawa a allon bogi kaɗai. In yanzu ka canja saitin, dakata daƙiƙa 15 ba tare da ka taɓa komai ba, zai koma da kansa. In ya wuce nan, danna Windows da P, ka matsa da kibiya, ka danna Enter, ka maimaita har hoto ya dawo. In filogi ne, zare shi kawai. Windows, Ctrl, Shift da B kuma na sake tayar da direban hoto. Kada ka manta kana da wata ƙofar: shiga ta Moonlight ɗin, allon da ke ɓoye yana can yana jiranka. In duk sun ƙi, ka tashi Windows a Safe Mode, yanayinta na gyara, ka cire direban allon manhajar.

Hoto ya dawo, sauti kuma ya tafi.

HDMI da DisplayPort na ɗaukar sauti. In monitarka ce hanyar fitar sauti, ɓacewarta na tafiya da na'urar sautin, wasu wasannin kuma ba sa iya komawa kan wata in an canja musu a tsakiyar gudu. Steam na girka na'urar sauti ta bogi mai suna Steam Streaming Speakers, kuma Sunshine ma na iya amfani da ita. Ka tabbata tana nan, ka buɗe wasan bayan ka shiga ba kafin ba.

Kibiyar linzami ta ɓace.

In ka zare linzami daga kwamfutar, Windows kan ɓoye kibiyar. Mayar da shi, ko ka kunna Mouse Keys a saitin Accessibility.

Laftof fa? Ina so in rufe murfin.

Da farko ka hana ta barci: Control Panel, Power Options, wurin zaɓar abin da rufe murfi ke yi, ka sa Do nothing. Amma ko da hakan, rufe murfi kan kashe allon ciki, sai ka dawo kan matsalar farko, ka bukaci filogi ko allon manhaja.

Laftof ɗin wasa na da ƙarin sarƙaƙiya. Yawancinsu kati biyu gare su, ƙarami na Intel ko AMD da ke riƙe da allon ciki, da babba na NVIDIA ko AMD da ke zana wasa. Desktop Duplication na so manhajar kwafi ta gudana a kan katin da allon ke jone da shi. A laftof da yawa ramin HDMI na kan babban katin ne, don haka sa filogi na iya sauya katin da ake kwafa daga gare shi, wanda sau da yawa ma ya fi kyau, tunda mai matse bidiyo irin NVENC na nan kusa. In hoto ya ƙi fitowa bayan canjin, sake kunna Sunshine don ya sake laluben katin. Sannan ka kula da zafi: wasu laftof ta saman kibod suke shaƙar iska, rufe murfi a tsakiyar wasa mai nauyi zai sa su rage gudu.

Kwamfutar na tsayawa a shafin kalmar sirri.

Sunshine, idan an girka shi a matsayin sabis na Windows, yana tashi kafin kowa ya shiga, kuma yana iya nuna shafin don ka rubuta kalmar sirri daga nesa. Steam ba ya tashi sai an shiga asusu, saboda haka kwamfutar da ta tashi ta tsaya a wannan shafi ba za ta bayyana a Steam Link ba. In kana da lambar BitLocker, makullin faifan kwamfuta, da ake tambaya kafin Windows ta tashi, babu manhajar da za ta kai ka can.

Ka kuma yi hattara da Remote Desktop na Microsoft. Shiga da shi na ɗauke zamanka daga allon kwamfutar ya kulle shi, kuma bayan ka fita sai manhajar wasa ta tarar da ƙofa a rufe. Mutane kan yi amfani da shi don gyara saitin allo, alhali allon da yake nuna musu nasa ne na kansa, ba na katin hoto ba, kuma ba ya barin a canja saitin allo daga ciki.

Zan iya barin kwamfutar ta yi barci in tashe ta daga nesa?

Eh, da Wake-on-LAN. Ana aika ɗan saƙo mai bayit 102, wato FF sau 6 sannan adireshin MAC na katin sadarwa sau 16, katin ya ji ya tayar da kwamfutar. Moonlight na da maɓallin yin haka. Sai ka kunna zaɓin a BIOS da kuma saitin katin sadarwa a Device Manager, kuma da kebul na Ethernet ya fi tabbas fiye da Wi-Fi. In tana tashi daga barci amma ta ƙi tashi bayan an kashe ta gaba ɗaya, gwada kashe Fast Startup. Daga wajen gida abin ya fi wuya, domin saƙon ba ya tsallake rauta da kansa sai an shirya masa hanya.

A Linux ko Mac fa?

Tushen matsalar ɗaya ne, filogin bogi kuma na aiki a dukkansu. A Linux ana iya tilasta wa kernel ya ɗauki rami a matsayin jone ta hanyar ƙara layi irin video=HDMI-A-1:1920x1080@60e a zaɓin tashi, harafin e na ƙarshe shi ne mai tilastawar; ana kuma iya ba shi fayil ɗin EDID da drm.edid_firmware. Mai katin NVIDIA a kan X11 na da zaɓin ConnectedMonitor da CustomEDID a xorg.conf. A Mac, manhajar BetterDisplay na ƙirƙirar allon bogi.

Ina amfani da GameStream, hanyar watsa wasa ta NVIDIA. Shawarwarin nan sun shafe ni?

Sun shafe ka, domin shi ma allo yake kwafa. Sai dai NVIDIA ta janye tallafinsa daga na'urorin Shield a 2023, kuma sabuwar NVIDIA App da ta maye gurbin GeForce Experience ba ta ɗauke da shi. Moonlight ɗin da kake da shi zai yi aiki da Sunshine ba tare da canji ba, illa ka sake haɗa su da lambar PIN mai lamba 4 da Moonlight zai nuna maka a karon farko.